Silon Honda Accord 1995 ya ƙi sauka ko bayan doguwar tafiya

Abu Hafsat, Zariya:

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sanin harkar mota, ina neman shawararku a kan wata matsala da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Motata Honda Accord ce samfurin 1995, wadda ta biyo bayan Hala, mai silinda huɗu da giyar otomatik, kuma shekara takwas ke nan tana hannuna. A da, idan na tayar da ita da safe, allurar juyin injin takan hau zuwa wajen 1,500, sannan ta riƙa sauka a hankali, kafin in fita daga unguwa ta zauna a wajen 700, har ma sai mutum ya kasa kunne kafin ya tabbatar injin yana aiki. Yanzu kuwa ko daga Kaduna na dawo, da na tsaya na mayar da giya fakin sai allurar ta tsaya tsakanin 1,300 da 1,500. Wani lokaci ma ba ta tsayawa wuri ɗaya: sai ta hau ta wuce 1,500, ta faɗo kusa da 1,000, ta sake hawa, kamar wani na taka totur yana saki. Idan na sa giyar tafiya sai motar ta yi zillo, hawa da saukar su daina, amma dole in danne birki sosai a cikin cunkoso, don da na ɗan sassauta ƙafa sai ta nemi ta kai wa ta gaba karo. Shan mai kuma ya ƙaru yadda aljihu ya shaida.

Abin da zan iya tunawa shi ne, a watan Afrilu motar ta yi zafi har ta tafasa, aka canza mata lagireto a wani gareji. Bayan nan ne silon, wato juyin injin idan ba a taka totur ba, ya fara ɗagawa kaɗan, ban damu ba, sai da hunturu ya shigo abin ya ta'azzara. Allurar zafi tun daga lokacin ba ta cika tashi daga ƙasa ba, ni kuwa na ɗauka alamar lafiya ce. Bakanike na farko ya canza fulogi, ya wanke bakin totur, ya ɗaure sukurun silo har ƙarshe, abin ya ragu na kwana biyu ya dawo. Na biyu bai ko buɗe bonet da kyau ba ya ce ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ita ce ta lalace, in kawo kuɗi a sayo wata. Fitilar gargaɗin injin ba ta kunne. Kafin in sake kashe ko kwabo, ina so in san daga inda ya kamata a fara bincike. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Kada ka sayi ƙwaƙwalwa. A shekarun da na yi ina kwance da ɗaure irin wannan injin, ita ce abu na ƙarshe da nake zargi idan silo ya yi sama, kuma da wuya zargin ya kai kanta.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, injin fetur ba ya iya gudu fiye da iskar da ya samu. Idan ƙafarka ba ta kan totur amma yana juyi 1,500 a minti ɗaya, to akwai ƙofar da iska ke shiga wadda ya kamata a ce ta rufe. Wannan injin na Honda yana auna matsin iskar da ke cikin manifol ne, wato bututun da ke raba iska ga silinda, ya ba da mai daidai da shi, saboda haka duk iskar da ta shigo, ko ta halal ko ta ɓarauniyar hanya, sai a haɗa mata nata man, injin kuwa ya ɗaga murya. Aikinmu ke nan mu gano ƙofar, kuma ƙofofin ba su da yawa.

Ka bari motar ta yi tafiya ta dawo, ka cire babban tiyon roba da ke kawo iska daga matatar iska zuwa bakin totur, ka tayar da injin. Idan ka leƙa cikin bakin, kafin a kai ga faifan da ke buɗewa da rufewa, za ka ga ramuka biyu a jikin bangon, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na saman yana kai iska ga bawul ɗin silo mai aiki da lantarki, wanda ke ɗaure a bayan manifol, shi ne ƙwaƙwalwa take buɗewa da rufewa gwargwadon bukata. Na ƙasan kuma yana kai iska ga wani bawul daban da ke ƙarƙashin totur ɗin, wanda babu waya ko ɗaya a jikinsa. A cikinsa akwai wani abu mai kama da kakin zuma da ke kumbura idan ruwan injin mai zafi ya ratsa shi, sai ya tura murfi ya toshe hanyar iska. Shi ne ke ɗaga silo da safe, kuma da zarar ruwa ya yi zafi aikinsa ya ƙare. Ka ɗora yatsa a kan ramin ƙasan. Idan injin ya yi zafi, bai kamata ka ji yana tsotso ba ko kaɗan. In ka ji ya ja yatsanka, kuma silon ya faɗi nan take, ka kama ɓarawonka. Ka kula da hannun rigarka da fanka, kuma kada ka bar tsumma ko leda kusa da bakin, don injin zai haɗiye shi.

Idan ramin ƙasan yana tsotso, kada ka yi saurin cewa bawul ɗin ya mutu, domin sau da yawa lafiyarsa ƙalau, ruwan zafi ne bai isa gare shi ba. Labarin da ka bayar na canza lagireto da allurar zafi da ta ƙi tashi shi ya fi ɗaukar hankalina. Na yi imani an cire maka tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai injin ya yi zafi, ba a gaya maka ba, wataƙila kuma an haɗa fanka kai-tsaye da makulli. Ka duba da kanka: da ka murɗa makulli da safe, injin yana sanyi kuma ba ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ba, fankar lagireto tana juyawa? Sannan ka taɓa ƙananan tiyo biyun da ke shiga da fita daga wannan bawul bayan tafiya, ya kamata dukansu su yi zafin da ba za ka iya riƙe su ba. Akwai kuma yiwuwar ba a fitar da iska daga hanyar ruwa ba lokacin da aka cika sabon lagireton. Waɗannan ƙananan tiyo suna can sama ne, kuma iska kullum sama take taruwa, sai bawul ɗin ya zauna a cikin kumfa maimakon ruwa.

In kuwa ramin ƙasan bai tsotso ba, sai ka toshe na saman. Idan ka toshe duka biyun injin ya kamata ya shaƙe, ya mutu ko ya kusa mutuwa. In ya ci gaba da gudu abinsa, iskar tana shiga ne ta wani wuri: ko faifan totur bai rufe ba, ko wani tiyo ya tsage, ko gasket ɗin manifol ya ci. A nan sai ka ɗauki filaya ka riƙa matse tiyo ɗaya bayan ɗaya kana sauraro, musamman babban da ke zuwa tukunyar birki da wanda ke fitowa daga murfin saman injin. Wasu suna fesa man wanke kafireto a gefen manifol su ji ko sautin zai canza, yana aiki, amma na ga wanda ya ƙona girarsa a haka, don haka ban cika ba mai mota wannan shawarar ba. Ka yi waɗannan ka dawo mana da abin da ka gani.

Direban Funtuwa:

Baba bakanike ya yi bayani mai kyau, Allah ya ƙara sani, amma a kan maganar tamostat ina da ja. Shekara goma sha biyar ina jan motar haya a hanyar Funtuwa zuwa Kano, kuma duk motar da ta zo hannuna daga Kwatano abin da ake fara yi mata shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka da makulli. An yi shi ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa. Mu da rana ke gasa mu a watan Afrilu, me zai sa mu sa wa ruwa ƙofa a hanya? Na taɓa ganin wanda ya maƙale a rufe ya ƙona gasket ɗin saman injin a tsakiyar daji, da fasinja cike da mota.

Ni dai, Malam, ka fara da abu mai sauƙi. Na taɓa fama da irin wannan a wata Golf, aka yi ta canje-canje, ashe wayar totur ce aka ja ta yi tauri lokacin da aka sauke injin, ba ta barin faifan ya koma mazauninsa. Ka buɗe bonet, injin yana silo, ka sa hannu ka tura ƙafar totur ɗin baya zuwa inda take tsayawa. Idan silon ya sauka, wayar ce, ko kuma datti ne ya hana faifan rufewa. Ka kuma duba darduman ƙarƙashin ƙafarka, domin sau da yawa yakan turu gaba ya danne fedar ba ka sani ba. Wannan ba ya cin ko sisi.

Mai Wayarin, Kano:

Shawarar Alhaji direba a kan wayar totur daidai ce, kuma ita ta fi cancanta a fara da ita tunda minti biyu ya ishe ta. A wannan motar ana so wayar ta kasance da ɗan sako-sako, yadda in ka danna tsakiyarta da yatsa za ta lanƙwasa kamar milimita 10 zuwa 12 kafin faifan ya motsa. Amma a kan tamostat, da girmamawa, Alhaji, ba na tare da kai.

Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne a wajen digiri 78 na ma'aunin Selshiyos, ya gama buɗewa a wajen 90, fanka kuma takan kama aiki ne da kanta idan ruwa ya ɗan haura 90. Ma'ana, injin an ƙera shi ne ya yi aiki a cikin zafin da ya ninka na ranar Afrilu a Kano. Motocin da ke yawo a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke yawo. Idan mota tana tafasa, laifin yana ga toshewar lagireto, ko fankar da ba ta kamawa, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto da ya daina riƙe matsi, kuma cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi. Gaskiya ne yana iya maƙalewa a rufe idan ya tsufa ko tsatsa ta ci shi, musamman a injin da ruwan rijiya kaɗai ake zuba masa, amma maganin tsohon tamostat sabo ne. A zamanin kafireto an sha cire shi aka zauna lafiya a ido, domin babu mai tambayar zafin ruwa. Motar injekta kuwa ƙwaƙwalwarta kullum tana tambaya, kuma muddin aka ce mata ruwa da sauran sanyi, za ta ci gaba da ƙara mai da buɗe bawul ɗin silo, kamar yadda aka tsara mata ta yi da asuba. Ƙarin shan man da Malam ke kuka da shi yana iya kasancewa daga nan yake.

Hawa da saukar da ya bayyana ma tana da ma'ana. Idan sensar totur ta nuna an saki feda, injin ya ɗan ɗumama, amma juyinsa ya haura iyakar da aka sa, ƙwaƙwalwa takan ɗauka gangara ake sauka, sai ta yanke mai gaba ɗaya. Juyin ya faɗo, ta mayar da mai, iskar da ta yi yawa ta sake ɗaga shi, ta sake yankewa. Da aka sa giya nauyin motar ya danne juyin ƙasa da wannan iyakar, shi ya sa wasan yake tsayawa. Wannan ma shaida ce cewa ƙwaƙwalwar tana aikinta yadda ya kamata.

Malam Abu Hafsat, ka ce fitilar gargaɗi ba ta kunne, to ka tabbatar tana da rai tukuna. Idan ka murɗa makulli ba ka tayar ba, ya kamata ta kama na kamar daƙiƙa biyu ta mutu. Na buɗe allon motoci da dama na tarar an zare ƙwan fitilar, ko an liƙe ta da baƙin salatif, don kada mai saye ya gani. Samfurin 1995 ba ya bukatar kwamfutar bincike. A ƙarƙashin akwatin ajiya na gefen fasinja akwai wani shuɗin soket mai baki biyu da ba a jona shi da komai ba. Ka haɗa bakunan biyu da guntuwar waya, ka murɗa makulli, ka ƙirga ƙiftawar fitilar. Doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya ce. Lamba 6 sensar zafin ruwa ce, 7 sensar totur, 14 kuma bawul ɗin silo na lantarki.

Sai dai rashin lamba ba ya wanke sensa, domin tana iya yin ƙarya ba tare da ta mutu ba. Ka sani sensar zafi biyu ce a kusa da juna: mai waya ɗaya allurar gabanka take yi wa aiki, mai waya biyu ita ce ke magana da ƙwaƙwalwa. Idan aka cire soket ɗin mai waya biyun aka sa mita, ana sa ran ganin om 2,000 zuwa 3,000 da sanyin safiya, sannan 200 zuwa 400 idan injin ya yi cikakken zafi. Sensar totur kuma a wayarta ta tsakiya ana neman kusan rabin bolt idan feda tana sake, ya riƙa hawa sumul ba tsalle har wajen 4.5 idan an take ta ƙasa. Duk mai wayarin da ya san aikinsa zai auna maka waɗannan kana tsaye.

Abu Hafsat, Zariya:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Jiya Asabar na yi abin da kuka ce, ni da ƙanena, kuma ga abin da muka gani.

Darduma ba ta taɓa feda, wayar totur tana da sako-sako, kuma da na tura ƙafar totur baya babu abin da ya canza, saboda haka Alhaji direba, ta wannan gefen lafiya. Fitilar gargaɗi tana kamawa ta mutu kamar yadda aka faɗa. Mun sha wahala kafin mu gano shuɗin soket ɗin, yana cuse a cikin wata roba, amma da muka haɗa shi fitilar ta tsaya a kunne ne kawai ba ƙiftawa.

Fanka kuwa, Baba, kamar kana wurin. Da na murɗa makulli da asuba ta fara juyawa, kuma da muka bi wayar muka tarar an cire soket ɗin da ke jikin gidan tamostat an cusa wata 'yar waya a bakinsa, an naɗe da leda. Na je Samaru na dawo, na cire tiyon iska, na ga ramukan biyu. Na ƙasan ya ja yatsana har da wata 'yar ƙara, kuma ina toshe shi injin ya yi ƙasa sosai kamar zai mutu, ina tsammanin saboda sukurun silo da aka ɗaure har ƙarshe ne. Ƙananan tiyon da ka ce in taɓa, ɗaya da ɗan ɗumi, ɗayan kuwa kusan sanyi ne, ga shi ya bushe ya yi tauri kamar itace. Babban tiyon saman lagireto ma na riƙe shi da hannu ba tare da ya ƙona ni ba, alhali na yi tafiyar kusan minti ashirin.

Na kira garejin da aka canza lagireton, yaron da ya yi aikin ya amsa ba tare da wata damuwa ba cewa ya cire tamostat, wai taimakona ya yi, kuma da ruwan famfo ya cika ta. Yanzu tambayata ita ce, shin in sayi sabon bawul ɗin ƙasan ne tare da tamostat, ko da abin da za a fara gwadawa? Sannan sukurun da aka ɗaure, yaya za a yi a gane inda yake a da?

Tsohon Bakanike, Kaduna:

Madalla, Malam, ka yi aikin da garejin biyu ba su yi ba. Fitilar da ta tsaya a kunne ba ƙiftawa tana nufin babu lambar matsala a ajiye. Kada ka sayi bawul tukuna, a fara mayar wa hanyar ruwa da lafiyarta, sannan a yi masa hukunci.

A sa sabon tamostat mai lamba 78 a jikinsa, da sabuwar robarsa, kuma ɗan ƙaramin fil ɗin da ke lilo a gefensa ya kalli sama. Kafin a ɗaura shi ka sa a jefa shi cikin ruwan da ke kan wuta ka ga ya buɗe da idonka, domin jabu sun yi yawa a kasuwa. A cire waccan 'yar wayar a mayar da soket ɗin fanka mazauninsa. Amma a nan ka tsaya a kansu: wataƙila makunnin fankar ya mutu tun farko, shi ya sa motar ta tafasa a Afrilu, don haka kada ka bar garejin sai ka ga fanka ta kama da kanta ta kuma tsaya da kanta. A duba murfin lagireto ma, na wannan motar 1.1 ake rubutawa a kansa.

Tiyon da ka ji da sanyi a cire shi, a canza shi, a zura siririyar waya a cikin bututun ƙarfen da yake shiga, za ka ga jar laka ta tsatsa tana fitowa. A wanke hanyar ruwan duka, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, in mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da ruwa mai tsabta. Wajen cikawa a murɗa makunnin hita zuwa zafi, a sassauta ƙaramin notin fitar da iska da ke kan gidan tamostat, a yi ta zuba ruwa har sai ya fito ta nan a miƙe babu kumfa, sannan a ɗaure. A bar injin yana aiki murfi a buɗe har fanka ta kama sau biyu, a ƙara abin da ya ragu. Washegari da safe, injin yana sanyi, ka sake dubawa. Kada ka taɓa buɗe murfin nan da zafi.

Bayan wannan ka maimaita gwajin yatsa. Idan har yanzu ramin ƙasan yana tsotso alhali tiyon biyu sun yi zafi, a buɗe murfin bawul ɗin mai sukuru biyu. A ciki akwai wani farin zobe na roba mai ƙarfi da ke da zare, wanda girgizar shekaru takan warware shi. Sau da yawa mayar da shi ciki da faffaɗan sukudireba, a hankali ba da ƙarfi ba, shi ke nan.

Sukurun silo shi ne na ƙarshe, kuma ba da kunne ake daidaita shi ba. Injin ya yi zafi, a kashe fitilu da duk wani abu mai jan wuta, a kashe injin, a cire soket ɗin bawul ɗin silo na lantarki, a tayar ana ɗan taka totur, a saki a hankali. A wannan halin ake juya sukurun har juyin ya zauna a wajen 550. Sai a kashe, a mayar da soket, a zare ƙaramin fiyus mai lamba 7.5 na ajiyar bayanai da ke akwatin fiyus na cikin bonet na daƙiƙa goma don a goge lambar da cire soket ɗin ya haifar. Idan aka sake tayarwa ana neman 700, ko sama ko ƙasa da hamsin. Akwai wani ƙaramin sukurun dabam da ƙafar totur ke tsayawa a kansa, wanda daga kamfani aka saita shi, kada ka yarda kowa ya taɓa shi.

Abu Hafsat, Zariya:

Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan mako guda ina hawan motar. An yi komai a gabana kamar yadda Baba ya tsara. Makunnin fankar ya mutu kuwa, mun jira har allura ta wuce rabi ba ta kama ba, sai da aka sa wani. Bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin totur a toshe yake ƙam, abin da ya fito daga cikinsa ya kusa cika murfin kwalba. Da aka gama fitar da iska, tsotson ramin ƙasan ya ragu sosai amma bai ɗauke ba, sai da aka buɗe murfin aka tarar farin zoben ya warware, ana juya shi da yatsa ma yana tafiya. Bayan an mayar da shi injin ya kasa tsayawa da kansa, har sai da aka sassauta sukurun silo aka saita shi a 550 ba tare da soket ba.

Yanzu da asuba tana tashi a wajen 1,400, kafin in kai Kwangila allurar zafi ta hau ta tsaya ƙasa kaɗan da rabi, silon kuma ya zauna a 700. Zillon shiga giya ya tafi. Ban gama auna shan mai ba, sai na ƙona tanki biyu zan iya faɗin wani abu a kai.

Saura abu ɗaya da nake so Malam mai wayarin ya duba mini. Idan ina tsaye na murɗa sitiyari har ƙarshe, ko na kunna na'urar sanyaya ɗaki, silon yakan ɗan ɗaga kaɗan ya zauna, wanda na fahimci haka aka yi shi. Amma idan na taka birki sau uku ko huɗu a jere ina fakin, yakan yi tsalle zuwa wajen 900 kafin ya dawo, kuma ina jin wata 'yar ƙarar iska a ƙarƙashin sitiyari muddin ƙafata tana kan birkin. Ban sani ba ko tukunyar birkin ce ta fara zubar da iska, ko tiyonta ne kawai za a canza.